Me Ya Sa Amurka Take Tsawaita Tallafin Waɗanda Suka Rasa Aiki?

Darasinmu na wannan mako a kan tallafin rashin aiki ne a Amurka.

Wata doka ta shekarar 1935 ce ta kawo tsarin. Idan aka sallami ma'aikaci ba da laifinsa ba, jiharsa takan ba shi wani kaso na albashinsa duk mako, muddin yana ci gaba da neman aiki. Daga harajin da kamfanoni ke biya kuɗin suke fitowa. A yawancin jihohi makonni 26 ake biya, wato wata shida.

To idan kamfanoni suna ta rufewa fa? Wata shida za su ƙare magidanci bai samu aiki ba, domin aikin ne ya yi ƙaranci. Shi ya sa dokar 1970 ta ce idan rashin aiki ya tsananta a jiha, a ƙara makonni 13, wani lokaci har 20. Bayan karyewar tattalin arziki a 2008, majalisar ƙasar ta sake ƙarawa, har wasu suka karɓa na makonni 99.

Wasu na cewa tsawaitawar tana sa mutane sanyin jiki wajen neman aiki. Mu dai muna ganin da kuɗin ake biyan haya da cefane, mai shago ma ya yi ciniki, bai kori yaronsa ba.

Ku me kuka gani? Ku kawo mana ra'ayinku kafin Juma'a.