Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Yaƙi a Kan Tebur

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya kan wasannin yaƙi da ake yi da 'yan mutum-mutumin sojoji a kan tebur: kamanta yaƙi na zahiri ya fi muhimmanci, ko sauƙin dokoki?

To, wannan muhawara tsohuwa ce. A 1824 wani hafsan sojan Prussia, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan Kriegsspiel domin horar da hafsoshi. Dokokinsa sun lissafa nisan harbi da saurin tafiyar dakaru da asarar rayuka, har alƙalin wasa kan daɗe yana duba jadawali, 'yan wasa na zaman jira. A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya zaftare dokokin, ya bar hukunci a hannun gogaggen alƙali.

Marubucin Ingila H.G. Wells ya ƙara sauƙaƙawa a littafinsa Little Wars na 1913: 'yar igwar wasa ake harbawa, sojan da ta kayar ya fita.

Saboda haka amsar tana ga manufar 'yan wasa. Mai nazarin tarihi na son dokoki filla-filla, mai neman nishaɗin yamma kuwa zai fi jin daɗin wasan DBA na 1990, mai rukuni 12 a kowace runduna, wanda ake kammalawa cikin kusan awa ɗaya.