Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Makka Take da Tsananin Zafi?

Yanayi shi ne halin da iskar wani wuri take ciki a wani lokaci. Abubuwa huɗu ake dubawa kafin a bayyana shi: zafi, danshi, kaɗawar iska da ruwan sama. Ana auna zafi da digiri. Ruwan sama kuma da milimita ake auna shi, wato zurfin ruwan da ya taru a buɗaɗɗen mazubi.

Makka tana cikin kwari ne, duwatsu sun kewaye ta, kimanin kilomita 70 daga gaɓar Bahar Maliya. Dalilai uku suka haɗu suka jawo mata zafi. Na farko, hasken rana na sauka a kanta a miƙe. A ranar 27 ko 28 ga Mayu, da 15 ko 16 ga Yuli, rana kan tsaya daidai saman Ka'aba da tsakar rana. Hasken da ya sauko a miƙe yakan taru a ɗan fili kaɗan, shi ya sa ya fi wanda ya zo a karkace ƙuna.

Na biyu, iskar da ta tashi sama a yankin tsakiyar duniya takan zubar da ruwanta a can, sannan ta gangaro a bushe kan yankin Larabawa da Sahara. Iska mai gangarowa ɗumama take yi, ba ta barin hadari ya haɗu. Na uku, duwatsu na shan zafi da rana, su riƙa sako shi da dare.

Saboda waccan busasshiyar iska, matsakaicin ruwan da Makka ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 110 ba, yawancinsa tsakanin Nuwamba da Janairu. Amma dutse ba ya shan ruwa, don haka mamako ɗaya kan kwararo cikin kwarin ya zama ambaliya, kamar ta 1941 da ta malale Harami.

Zafin Makka na da haɗari ga lafiya, domin jikin ɗan Adam yana son zama a digiri 37. In zafi ya ƙaru sai ya fitar da gumi, bushewar gumin ce ke sanyaya fata. In ruwan jiki ya yi ƙaranci, gumi ya tsaya, zafin jiki kan haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu.

Maniyyaci, ka sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ka, ka riƙe lema a Arfa da Mina, ka guji rana tsakanin hantsi da la'asar. Kiyaye lafiya na daga cikin guzurin Hajji.