Dutse Ba Ya Faɗin Abin Da Ke Cikinsa

Ya kamata jama'ar Abuja da kewaye, musamman masu haƙar zinariya, su san cewa tun a watan Agusta na 2012 masanan Amurka suka sauke wata mota mai suna Curiosity a kan tauraron Mirrihu, ɗauke da na'urar ChemCam wadda suka ƙera tare da Faransawa. Daga nisan mita 7 take harba hasken lesa a kan dutse, ta ƙona ɗan ɗigo, sannan ta karanta launukan walƙiyar da ta tashi, domin kowane sinadari da launinsa. Misalinta kamar malamin tsangaya ne wanda ya daɗe da almajiransa, wanda in ya iske alluna a jingine, ba kowa a wurin, zai dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce wannan hannun wane ne, wancan na wane, ko da kuwa tawadar ɗaya ce, alƙalamin ma na aro ne.

To, idan har masu ilmi ba su yarda da shaidar ido ba a kan dutsen wata duniya, ina hujjar mutumin da zai ɗauko dutsen rami ya kai shi tsakar gidansa? A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya. A gida ake daka shi, a turmin da ake surfe, ƙurar ta sauka a ƙasa inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baka, sai jijjiga ta biyo baya, wanda ya tsira kuma sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta raunana har abada. An yi babban taro a kan wannan musiba a nan Abuja a watan Mayu na 2012, amma duk da haka a 2015 ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu. Kada wani ya fake da ƙaddara! 'Ya'ya amana ne, kuma maigidan da aka gargaɗa ya yi kunnen ƙashi saboda kwaɗayin ɗan awon zinariya, wannan sakaci ne, za a kuwa tambaye shi.

Akwai kuma haɗarin zaiba da ruftawar rami, a kiyaye. Na'urorin gwaji irin na hannu, na lesa da na eksire, sun samu yanzu, kuma Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai tana da hedikwata a Utako. A nemi shawararta a gwada dutse kafin a taɓa shi, a yi niƙa nesa da gari, a yi wanka a sake tufafi kafin a shiga gida a ɗauki yaro.