Idon Baƙo: Darasi Ga Malaman Gobe

'Yan'uwana ɗalibai, waɗansu kan ce idon baƙo ya fi na ɗan gari gani. Gaskiya ne, amma fa ba kullum ya ke gane abin da ya gani ba. Tun da rikicin 2009 ya tashi, baƙi masu aikin taimako su ke ta zuwa Maiduguri, har unguwarmu ta Tsohuwar Maiduguri. Ya kamata mu san abin da ke fara tarbarsu, domin wata rana za su shigo makarantunmu.

Na fari shi ne zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40. Baƙo ya ga mutane kwance gindin dogon yaro da azahar, sai ya ce ragwaye ne. Bai sani ba tun asuba suka tashi aiki. Na biyu shi ne hunturu, watau Disamba da Janairu, sa'ad da ƙura ke rufe rana, leɓe ya tsage. Na uku sauro ne, musamman da damina, daga Yuni zuwa Satumba. Na huɗu kuwa gaisuwa. Babarbare ya ce "wushe", ya tambayi gida da gajiya da yara, baƙo yana ta duban agogo.

Ga misali biyu daga tarihi. A 1923 waɗansu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka sauka Garkida, a ƙasar Bura, kudu da nan. Ran 17 ga Maris suka yi sujadarsu ta fari gindin tsamiya. Daga baya matansu suka iso. A 1924 Ruth, matar Kulp, ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Wani da sai ya ce ƙasar ba ta karɓe shi ba, ya ɗaure kayansa. Kulp bai yanke hukunci da baƙin cikin farko ba. Ya koyi Buranci, ya yi wajen shekara 40 yana aiki a Nijeriya.

Misali na biyu ya faru a Ibadan, cikin Oktoba 1961. Wata budurwa, Margery Michelmore, tana cikin ƙungiyar Peace Corps wadda Shugaba Kennedy ya kafa a shekaran nan. Ba ta daɗe da sauka ba ta rubuta kati zuwa Amurka, tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka kwafe shi, suka yi taron nuna fushi. Ba da jimawa ba ta bar ƙasar. Ta zo da niyyar koyarwa, gaggawar alƙalami ta hana ta.

To, mene ne namu ciki? Baƙon da bai sami mai yi masa bayani ba, shi zai yi wa kansa, sa'an nan ya aika gida. Saboda haka in sun zo, kada mu ɓoye kwata ko ajin da ba shi da benci, kada kuma mu bar su da wannan kaɗai. Mu gaya musu Tsohuwar Maiduguri ta girmi Yerwa, wadda aka kafa wa Shehu Garbai a 1907. Mu koya musu gaisuwa, da shiga gidan sauro, da tafasa ruwan sha. Lalle kuma mu tuna, ran da aka tura mu wani ƙauye koyarwa, mu ne baƙin.

Aiki ga aji: kowane yaro ya rubuta abu biyar da baƙo zai fara gani a unguwarsu, kāna ya faɗi dalilin kowanne.