Zaren Fatsa: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba Kafin Ka Nufi Alau

Wata safiya a bakin madatsar ruwa ta Alau na ga wani saurayi da sanda sabuwa fil, mai kwarkwaro, sai ƙyalli take yi. Bai fi rabin awa da jefa ƙugiya ba sandar ta lanƙwashe, zare ya miƙe, sai muka ji tas! Tarwaɗa ta tafi da ƙugiya a baki. Na karɓi ragowar zaren na murza tsakanin yatsu, ya yi fari ya yi kaushi, ina ja ya sake tsinkewa. Kuɗinsa duk sun ƙare a sanda, zaren kuwa na canjin da ya rage ne. Da irinsa nake magana: mai sanda ɗaya, wanda yake so ta yi masa aiki a kogin Ngadda, a Alau, da kududdufan da damina ke bari.

Ka fara sanin kifin da kake nema kafin ka shiga kasuwa. Karfasa bakinta ƙarami ne, ga ta da tsoro, zare mai kauri yana korar ta a ruwa mai haske. Tarwaɗa tana ƙasa cikin laka da saiwoyi, in ta kama can take ja da kai. Tsage kuwa haƙoransa kamar reza suke. Babu zare ɗaya da zai gamsar da su duka, don haka ka yi dabara: uwar zare ta zama nailan mai kaurin milimita 0.30 zuwa 0.35, sannan ka riƙa canja ɗan guntun da ke bakin ƙugiya. Na karfasa siriri, kamar 0.20, tsawon kamu biyu. Na tsage waya, ko da taƙi ɗaya ce. Guntun nailan ya kasance bai kai uwar ƙarfi ba, domin idan ƙugiya ta maƙale a kututture shi zai tsinke, ka tsira da sauran.

Kada ka sayi zaren da aka rataye a rana. Wannan ita ce babbar magana a garin nan. Rana tana cin nailan tun kafin ido ya gane, mu kuwa a Afirilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Ko a Kasuwar Monday za ka saya ko wajen masu kayan su, ka ce a ɗauko maka na cikin kwali, daga can ƙuryar shago. Kada ka ji kunyar gwadawa a gaban mai kaya. Warware gaba ɗaya, ka ƙulla shi, ka fizga da ƙarfi. In ya tsinke a ƙullin cikin sauƙi, ko ya tsaya a nannaɗe ya ƙi miƙewa, ajiye masa abinsa. Kuma kada lambar kilo da aka rubuta a jiki ta rufe maka ido, kauri ka duba, hannunka ya yi maka shaida. In ka kai gida, kada ka bar shi a bayan Keke Napep ko a kan taga.

Ka jiƙa ƙulli da yawu kafin ka tsuke shi. Busasshen ƙulli yana ƙona kansa wajen ja, nan ne kuma zai ci amanarka.

Akwai masu kallon bidiyo a waya suna sha'awar fatsar Turawa, wadda ake ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Ba laifi, amma ka fahimci yadda take. A fatsarmu dalma ce ke jan zare zuwa nesa. A tasu koton ba shi da nauyi, igiyar ce da kanta ke ɗauke da nauyin, shi ya sa aka ba ta lamba. Tun 1961 masu ƙera kayan su a Amurka suka tsayar da ma'auni a kan nauyin ƙafa 30 na farkon igiya: lamba 5 tana kusa da giram 9, lamba 8 kusa da giram 13 da rabi. Lambar igiya ta dace da lambar da ke jikin sanda, kada ka haɗa su a ka. Za ka ji ana ta cewa lamba 5 ce mai aikin komai. Gaskiya ne, amma a ƙoramun sanyi na Amurka da Ingila. A nan, inda iskar hunturu ke dawo maka da jifa, kifin kuma ba ya wasa, ka nemi 7 ko 8, mai tasowa saman ruwa, wadda nauyinta ke ta gaba. Mai nutsewa ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Ka tabbata an rubuta cewa ta ƙasashen zafi ce, domin wadda aka yi don ruwan sanyi takan yi laushi ta yi danƙo a ranarmu, ta riƙa sarƙewa. Fetur da man shafawa na korar sauro suna lalata fatarta, kada su taɓa ta. Kuma kada ka tunkari giwan ruwa da ita. Masu neman sa a kogin Faro na arewacin Kamaru da lamba 12 suke zuwa.

Tun ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye gari, ba a yi wa ƙasan Ngadda tsohon sani. Ruwan ya kwashi kwanon rufi, ƙarafa da itatuwa, ya zube su inda ya ga dama. Saboda haka duk kifin da ka fitar, duk maƙalewar da ka yi, ka bi gaba biyu na ƙarshen zare da yatsa. Ka ji ƙarzuwa ko yaya, yanke ka sake ɗauri. Minti biyu ne.

Idan zaren saƙa kake amfani da shi, wanda ba ya miƙewa, kada ka kuskura ka naɗe shi a hannu don ka ciro ƙugiyar da ta maƙale. Yana yanka har tsoka. Naɗa a guntun sanda ka ja.

Kada ka jefa fatsa a kan kalli ko mamarin wani. Kai wataƙila nishaɗi ya kawo ka, shi kuwa abincin gidansa ne a cikin ruwan. Ka yi wa masuntan wurin sallama, ka tambayi inda suka kafa kaya, ka kuma tambaye su halin hanya da inda jami'an tsaro suka hana zuwa, musamman ta ɓangaren Konduga. Abin da suka ce shi za ka bi, kuma la'asar ta same ka a hanyar gida.

Tsohon zare kuma kada ka yar da shi a bakin ruwa. Nailan ba ya ruɓewa da wuri. Na taɓa kwance wata balbela da ya sarƙe wa ƙafafu, ɗaya ƙafar har ta kumbura ta yi baƙi. Yaran Gwange da Fori da ke wanka a kogin ba da takalmi suke shiga ba, ƙugiyar da ka bari tana jiransu. Dunƙule shi ka sa a aljihu ka tafi da shi gida.

Ɗan'uwa, tun yau da daddare ɗauko kwarkwaronka, ka ƙulla bakin zaren ka fizga. In ya tsinke, kada ka fita gobe sai ka sake sabo.