Toka da Tuba: Darasin Azumin Kwana Arba'in

Karatu: Luka 19:1-10

Azumin kwana 40 yakan fara ran Laraba ta Toka, sa'ad da zafin bazara yake kunno kai, manoman Maitumbi kuma suna sharar gona. Tokar da ake shafa wa masu bi a goshi ta ganyen dabinon bara ce, wanda aka ɗaga ana yabon Almasihu.

Zakka bai tsaya ga marabtar Yesu kaɗai ba, ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace riɓi huɗu. Haka tuban almajiri yake: mai tauye mudu ya cika shi, mai riƙe da kuɗin adashe ya biya, ma'aurata masu gaba su shirya kafin Ista.

Tambaya domin iyali: Hakkin wa ya rage a gidan nan?