Kik Mai Wasan Ɓuya A Tsohuwar Mota

A cikin cututtukan tsohuwar mota babu mai ban haushi irin ciwon kik, wato ɗan injin lantarkin nan da ke juya babban inji idan an murɗa makulli. Da zai mutu gaba ɗaya da an huta, a kwance shi a kai wa mai gyara. Amma ina! Da safe ya ta da mota kamar sabuwa, da la'asar a bakin kasuwa a murɗa sai a ji "ƙas", shi ke nan. A aika a kira bakanike, yana zuwa ya murɗa sau ɗaya ta tashi, mai mota ya zama kamar maƙaryaci. Wata rana kuwa ba kasuwa za a je ba, mara lafiya ne a kwance a baya da tsakar dare.

Hutu uku na yi ina miƙa sifana a garejin kawuna, mai gyaran wayar mota, kuma abin da na koya can shi nake son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Misalina Peugeot 504 ce, Fijo, wadda Faransa ta fito da ita a 1968, aka soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Amma maganar ta shafi kowace tsohuwar mota.

Kafin 1912 da hannu ake wana inji, har ƙarfen yakan juyo ya karya wa mutum hannu. A shekarar ne motar Cadillac ta Amurka ta fito da kik na lantarki wanda Charles Kettering ya ƙera. Aikinsa ga shi. In an murɗa makulli, wuta kaɗan takan bi siririyar waya zuwa solonaid, wannan gwangwanin da ke goye a bayan kik. Shi kuma sai ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya tura ƙaramin haƙorin da ake kira bendis ya shiga haƙoran filawil, ya kuma haɗa babbar wayar batir da kik. Daga nan wuta ta ratsa ta burushi, amaca ta juya, inji ya tashi.

To, a nan ne darasin Fizik ya yi mini rana. Batir bolt 12 ne kawai, amma kik yakan ja amfiya fiye da 100. A ce ya ja 150, a kuma ce dattin kan batir ya kawo tirjiya ta om 0.02, abin da bai taka kara ya karya ba. Bisa dokar Ohm, 150 sau 0.02 ya ba da 3. Wato bolt 3 sun salwanta tun wuta ba ta bar kan batir ba! Rediyo da ƙaho ba za su ji komai ba, don abin da suke ja kaɗan ne. Shi ya sa idan mai mota ya ce, "Ai ba batir ba ne, ga ƙaho yana yi," sai kawu ya yi murmushi kawai. Shi kuwa sakakken kan batir, gargadar hanya takan matse shi yau ta sake shi gobe. Wasan ɓuyan ke nan.

Saboda haka kada a fara da kik. A kunna manyan fitilu, wani ya tsaya gaba yana kallo, a murɗa makulli. In sun dushe kamar za su mutu, musamman in ana jin "ƙas-ƙas-ƙas" a jere, to, a tuhumi batir da kawunansa. Cikakken batir yakan nuna kamar bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba sa'ad da kik ke juyi. Wanda ba shi da mita ya taɓa kawunan bayan ya murɗa. Wanda ya yi zafi shi ne ɓarawon. A kwance na maines tukuna, sa'an nan na fulos, a wanke farin garin nan da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. A goge da samfefa, a ɗaure tamau, a shafa giris daga sama. Ƙusar da wasu direbobi ke bugawa a tsakanin kai da maɗauri, ni dai ban ga amfaninta ba, ɓata darmar take yi. Kuma ba a kusantar batir da taba ko ashana, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Akwai wata waya da kowa ke mantawa da ita, wadda ta haɗa inji da gangar jikin mota, ta nan wuta ke komawa batir. Tsatsa da baƙin mai kan cinye ta a ɓoye. A ɗauki wayar jona batir mai kauri a haɗa maines da ƙarfen inji kai tsaye. In mota ta tashi nan take, an kama mai laifi, kuma gyaransa bai kai kuɗin cefane ba.

Idan kuwa fitilu sun tsaya garau, wuta ce ba ta shiga kik. Ko makulli ya cinye daga ciki, ko siririyar wayar solonaid ta yi sako-sako, ko tagullar cikin solonaid ta ƙone, ko burushi ya ƙare. Bakanike yakan gane ta hanyar jona babbar waya da ƙaramar da sukudireba. In kik ya juya da ƙarfi, laifin yana tsakanin makulli da solonaid, sau da yawa ma ƙaramin rile ya isa magani. Amma ina roƙon abokaina kada ɗayanmu ya gwada wannan shi kaɗai. In mota tana cikin giya za ta zabura ta bi ta kan wanda ke gabanta.

Kowa ya taɓa ganin direba ya buɗe bonet ya ƙwanƙwasa kik da sifana, mota ta tashi, fasinjoji suna ta mamaki. Ba tsibbu ba ne. Burushin ne ya gajarce, sifirin ba ya iya danna shi sosai, bugun ya sa ya ɗan taɓa. Wannan shaida ce, ba magani ba ce, kuma kwana kaɗan dabarar za ta daina ci. Kik na motocin baya-bayan nan ma maganaɗisu ne a cikinsa, bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fasa shi.

Kunne ma yana da nasa aiki. In kik yana ta "wiii" inji bai motsa ba, bendis ne yake sulɓewa. In kuwa ƙara ce kamar ana niƙa tsakuwa, haƙoran filawil ne suka cinye. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne dalilin da ya sa ba kullum take yi ba: inji mai silinda 4 in an kashe shi yakan tsaya kusan a wurare biyu ne, saboda haka haƙoran wurin kaɗai ke shan duka. A sa giya ta 4 a ɗan jijjiga mota gaba, filawil ya gusa, sai bendis ya sami lafiyayyen haƙori. Wanda kuma yake juyi da nauyi sai in inji ya yi zafi, galibi bushin ne ya cinye, amaca tana gugar jiki.

Ga iyayenmu masu biyan kuɗi, shawarata ita ce a riƙa lura da lokacin da abin ke faruwa: da sanyin safiya ne, ko bayan doguwar tafiya, ko bayan ruwan sama, da kuma irin ƙarar da aka ji. Bakaniken da aka ba wannan bayani ba zai yi lalube ba. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, a bar kik ya huce kafin a sake.

In har an kwance shi, ba dole ne a sayi wani ba. Burushi da bushin da bendis duk ana sayar da su daban. A goge tagullar amaca da samfefa mai laushi, a sakace dattin da ke tsakaninta. Mai sayar da na Beljiyam zai jona shi da batir a ƙasa ya yi ta gudu, ya ce, "Alhaji, ka ji da kunnenka." Amma kik da ba ya ɗauke da kaya ko gurgu ne zai yi gudu. Sai an ɗaura shi a mota, an ta da ita sau goma da sanyi, an zaga gari inji ya yi zafi, an kashe an sake tayarwa, sa'an nan kawu yake yarda a biya.